Yadda Ake Bin Dokokin Kare Ma'aikata Daga Sinadarai a Masana'antar Waya da Kebul

Ƙwayoyin robar PVC da ke cikin buhu ba su da wata illa a hannu. Mutum zai iya cusa hannunsa ciki kamar tsakuwa. Amma a bar wannan robar ta tsaya cikin injin da ke shafe waya da roba, zafi ya haura digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, nan da 'yan mintoci za ta fara fitar da iskar haidurojin kuloraid mai ƙona ido da maƙogwaro. Yawancin haɗarin sinadarai a masana'antar kebul haka yake: yana bayyana ne lokacin da aka farke buhu, aka dafa roba, aka tsayar da inji ko aka zo wanke shi. Don haka wanda aka ɗora wa alhakin bin doka dole ne ya bi sinadarin da ƙafarsa, daga sito har zuwa gangar da ake naɗe kebul.

Dokoki iri biyu ne, kada a haɗa su

Akwai dokokin da ke duba abin da ke cikin kebul ɗin da za a sayar. Dokar RoHS ta Tarayyar Turai, wadda aka sabunta a 2011, ta hana dalma ta wuce kashi 0.1 cikin ɗari na nauyin kowane ɓangare, kadmiyam kuma kashi 0.01. Daga 22 ga Yuli 2019 aka ƙara sinadaran laushin roba guda huɗu: DEHP, BBP, DBP da DIBP, kowanne kashi 0.1. Dokar REACH ta 2006 ita ma ta hana sayar da kayan PVC mai dalma daga kashi 0.1 zuwa sama tun ƙarshen Nuwamba 2024.

Sai dokokin da ke duba ma'aikacin kansa: abin da yake shaƙa, abin da ke taɓa fatarsa, abin da ke shiga jininsa. Tushensu a duniya shi ne Yarjejeniya mai lamba 170 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1990. A Amurka hukumar OSHA ce ke riƙe da su, a Birtaniya dokar COSHH ta 2002, a Tarayyar Turai kuma umarnin 1998 kan sinadarai a wurin aiki da na 2004 kan masu haddasa ciwon kansa, wanda a 2022 aka faɗaɗa shi ya haɗa da masu cutar da haihuwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne masana'anta ta riƙe takardar shaidar RoHS ta ɗauka ta gama. Wannan takarda ba ta ce komai ba game da mutumin da ke tsaye a bakin inji. Kebul yana iya fita tsaf da shaidarsa, alhali wanda ya yi shi ya wuni yana shaƙar hayaƙi. Kowace ƙasa tana da nata alƙaluman, kuma dokar ƙasar da masana'anta take ita ce wajibi. Inda ta yi shiru a kan wani sinadari, mu shawararmu a ɗauki iyaka mafi tsanani daga cikin waɗanda aka sani.

Fara da jerin sinadarai

Ka ɗauki takarda ka bi layin aiki daga farko. A kowane wuri ka rubuta sunan sinadari, lambarsa ta CAS (lambar rajistar da ake gane kowane sinadari da ita a duniya), yawan da ake amfani da shi a wata, yanayinsa (gari ne, ƙwaya ne ko ruwa), zafin da ake kai shi, da wanda ke taɓa shi. Lambar CAS tana da muhimmanci saboda 'yan kasuwa suna sauya suna, lamba kuwa ba ta sauyawa: DEHP ita ce 117-81-7 ko da wane suna aka sayar da ita. Kada a manta da masu shara da masu gyaran inji. Sau da yawa su ne suka fi kowa kwasar ƙura, kuma su ne ba a cika saka su a lissafi ba.

Kowane sinadari sai ya zo da takardar bayanan kariya, wadda ake kira SDS. A ƙarƙashin tsarin GHS na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fara bugawa a 2003, sashe 16 gare ta. Huɗu ne za ka fi zama a kansu. Sashe na 2 ya faɗi nau'in haɗari da lambobinsa: H350 yana nufin zai iya haddasa kansa, H351 ana zarginsa da haka, H360 yana cutar da haihuwa ko ɗan tayi, H317 yana tayar da borin fata. Na 3 ya lissafa abin da ke ciki. Na 8 ya ba da iyakar abin da za a shaƙa da irin kayan kariya. Na 10 kuwa, wanda mutane suka fi tsallakewa, shi ne mafi amfani a wannan sana'a, domin a nan ake faɗin abin da sinadarin ke rikiɗewa ya zama idan ya sha zafi. Idan takardar roba ta ce “babu haɗari” a sashe na 2, ƙwayar mai sanyi take nufi. A tambayi mai sayarwa a rubuce: a zafin da muke aiki, me ke fita?

Duk abin da aka juye daga babbar ganga zuwa ƙaramin mazubi sai an manna masa suna da alamar haɗari. Kwalbar ruwan sha ko ta lemo ba mazubin sinadari ba ce, ko da na minti biyar.

Ɗakin haɗa roba: dalma da sauran gari

Masana'antar da ke haɗa robarta da kanta ta fi fuskantar haɗari a nan. Shekaru da yawa gishirin dalma ne ake zuba wa PVC don kada zafi ya lalata shi, kuma har yanzu ana amfani da shi a wurare da dama. Haka kuma ana narka dalma, wadda ke narkewa a digiri 327, don yi wa wasu manyan kebul riga. Ƙurar dattin da ake kwashewa daga saman tukunyar ita ce ta fi illa.

A Amurka iyakar dalma a iska ita ce maikirogiram 50 a kowace mita kubik a tsawon awa 8, kuma daga 30 ake fara ɗaukar mataki. Idan aikin ya wuce awa 8, sai a raba 400 da yawan awannin. Mai aikin awa 12 ke nan iyakarsa ta sauko zuwa kusan 33. Wanda ke shaƙar 30 zuwa sama fiye da kwana 30 a shekara ana gwada jininsa duk wata shida, kuma idan ya kai maikirogiram 40 a desilita ɗaya, duk wata biyu. A 60 ake janye shi daga aikin ba tare da an taɓa albashinsa ba. Tarayyar Turai ta matse fiye da haka a 2024: iyakar iska 30, iyakar jini 30 har ƙarshen 2028, daga nan ta koma 15. Mace da ke cikin shekarun haihuwa ana fara sa mata ido tun daga 4.5, saboda dalma tana ratsa mahaifa.

Magani na farko a doka shi ne a sauya sinadarin. Haɗin kalsiyam da zink ya maye gurbin dalma a mafi yawan robar kebul. Sai dai ba a sauya shi kai tsaye a ci gaba da aiki. Yana canza santsin roba a cikin inji da yadda take shan ruwa, don haka sai an sake gwada ƙarfin hana wuta ratsawa da juriyar zafi a digiri 200 kafin a amince da sabon haɗin.

Inda ba a sauya ba tukuna, da kuma sauran gari irin su antimoni tirayoksayid mai hana kamawar wuta (1309-64-4, wanda hukumar binciken kansa ta duniya ta ɗaga matsayinsa a 2022 zuwa “mai yiwuwa ƙwarai yana haddasa kansa”), ga abin da ke aiki. A sayi sinadarin a dunƙule cikin ƙwayar roba, ko a ƙananan ledoji da aka riga aka auna waɗanda ake jefawa cikin injin haɗi ba tare da an buɗe ba. Idan dole ne a farke buhu, a yi shi cikin rumfa mai zuƙe iska, iskar tana tafiya daga bayan ma'aikaci zuwa cikin rumfar da gudun rabin mita zuwa mita ɗaya a daƙiƙa. Buhun da aka juye a naɗe shi a cikin rumfar, a saka a leda a ɗaure. Kakkaɓe buhu a fili yana tayar da ƙura fiye da zubawar kanta. Tsintsiya da iskar kwamfuresa ba su da wuri a ɗakin nan. Injin zuƙe ƙura mai matatar HEPA (mai tare ƙura mafi laushi) ko jiƙaƙƙen tsumma kawai.

Dalma ta fi shiga jiki ta baki fiye da yadda ake zato: hannu mai ƙura ya ɗauki abinci ko taba, shi ke nan. A ware wurin cin abinci, a ba kowa akwatin ajiya biyu, ɗaya na kayan gida ɗaya na kayan aiki, a yi wanka kafin a tashi, kuma masana'anta ce za ta wanke kayan aikin. Rigar da aka kai gida wanki tana kai wa yara dalma, kuma yara ne ta fi yi wa ɓarna a ƙwaƙwalwa.

Bakin inji

PVC na kebul yawanci ana matso shi tsakanin digiri 160 da 190. Abin da ke lalata shi zafi ne haɗe da daɗewa. Da ya fara ƙonewa, iskar asid ɗin da yake fitarwa tana ƙara hanzarta ƙonewar, don haka abin ba ya tafiya a hankali. Alamominsa a bayyane suke: roba ta koma rawaya, sannan ruwan ƙasa, sannan baƙaƙen zane, wari mai yaji, tsatsa a kan sifana da kusoshin da ke kusa da bakin inji. Wannan tsatsar shaida ce cewa hayaƙin ya daɗe yana fita. Iyakar OSHA ga haidurojin kuloraid kashi 5 ne cikin miliyan, kuma iyaka ce da ba a yarda a haura ta ko na ɗan lokaci ba.

Abu uku ne suka fi jawo wannan. Na farko, waya ta tsinke, a tsayar da sukurun da ke tura roba cikin inji a bar na'urorin zafi a kunne ana neman kan waya. Na biyu, ma'aunin zafi ya saki daga raminsa. Na'urar sarrafawa ta ga kamar injin ya yi sanyi, ta ci gaba da hura masa wuta. Na uku, roba ta maƙale a wani lungu cikin kan injin da ya cinye. Saboda haka a rubuta ƙa'ida a manna a jikin inji: idan tsayawa za ta wuce 'yan mintoci, a rage zafi, a bar sukuru yana juyawa a hankali roba tana zuba, ko a kore ta da robar wanke inji. Curin robar da ya zubo a jefa shi cikin bokitin ruwa nan take, domin babban curi yana ci gaba da dahuwa a cikinsa yana hayaƙi a ƙasa. A duba zaman kowane ma'aunin zafi a farkon kowane aiki. Kayan bakin inji a goge su da burushin tagulla tun suna da zafi. Ƙona su da wutar walda a fili don a cire roba al'ada ce da ya kamata a kashe ta gaba ɗaya.

Mazuƙar hayaƙi tana amfani ne kawai idan tana kusa. Ƙarfin zuƙarta yana faɗuwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma a tazarar da ta kai faɗin bakinta. Bututu mai faɗin santimita 20 da aka ture shi rabin mita gefe don a sami wurin aiki, ƙara kawai yake yi. A gwada da bututun hayaƙin gwaji a ga inda iska ke bi, a tabbata ba ta ratsa fuskar ma'aikaci kafin ta shiga mazuƙa. Dokar Birtaniya ta wajabta cikakken binciken irin wannan na'ura aƙalla duk wata 14.

Robar fuloro, irin su FEP da ake yi wa wayoyi masu jure zafi, ana narka ta sama da digiri 300, kuma hayaƙinta yana jawo zazzaɓi mai kama da mura: sanyi, ciwon kai, ƙuncin ƙirji. Ba ya zuwa nan take. Sai bayan awanni, mutum yana gida, shi ya sa ba a cika danganta shi da aiki ba. Ƙurar robar ta taɓa sigari a kunna, hakan ma ya isa. Idan zafi ya wuce kima tana fitar da haidurojin fuloraid, kuma dattin da ya taru cikin bututun zuƙa yana iya ɗauke da shi. Mai wanke bututun ya sa safar hannu da kariyar fuska, a kuma ajiye man kalsiyam gulukonet mai ƙarfin kashi 2.5 cikin ɗari a kusa, don shafa wa fatar da ya ƙona.

Layin XLPE

Kebul na babbar wuta ana ƙarfafa robarsa, wadda ake kira XLPE, ta hanyar dafa ta da daikumil feroksayid (80-43-3). A Yuni 2024 aka saka wannan sinadarin cikin jerin sinadarai masu tsananin damuwa na Tarayyar Turai saboda illarsa ga haihuwa. Yana narkewa a kusan digiri 39, kuma zafi yana iya tayar masa da gobara, don haka a ajiye shi a sanyi, nesa da asid da ƙarafa masu tsatsa, a mazubinsa na asali.

Bayan dahuwa, roba tana riƙe da asitofinon mai ɗan wari mai daɗi, da iskar mitan wadda ba ta da wari kuma tana kamawa da wuta daga kusan kashi 5 cikin ɗari a iska. Shi ya sa ake ajiye gangunan kebul kwanaki a ɗaki mai ɗumi su huce iskar. Ɗakin nan sai da iska mai shiga da fita, da na'urar gano iskar gas a sama kusa da rufi, tunda mitan ta fi iska sauƙi. Inda ake amfani da silen a maimakon feroksayid, mitanol ne ke fita.

Abin da ya fi saurin kisa a layin nan ba guba ba ne. Dogon bututun dafa roba cike yake da iskar naitirojin mai matsi. Idan ta zubo cikin rami ko rufaffen ɗaki tana korar oksijin, ba wari ba launi, mutum ya faɗi ba tare da ya ji alamar komai ba. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 20.9, a saita ƙararrawa a 19.5. Ba a shiga ramin layi sai an auna iska, da rubutaccen izini, da mutum tsaye a waje. Wanda ke waje kuma kada ya bi wanda ya faɗi ba tare da tulun iska ba.

Ruwan jan waya, asid, fenti da tawada

Ruwan mai da ake jan wayar tagulla a ciki yana ruɓewa. Man inji ya zubo ciki, zafi ya taimaka, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, sai ka ji wari ran farkon mako bayan hutu. Illarsa biyu: kumburi da tsagewar fatar hannu, da ciwon huhu daga feshinsa. A auna ƙarfinsa da tsaminsa a kai a kai bisa abin da mai sayarwa ya tsara, a tsoma sandar gwajin ƙwayoyin cuta duk mako. Ƙirga ya haura miliyan ɗaya a mililita, tankin yana bukatar juyewa da wankewa. Antaya masa maganin kashe ƙwayoyin cuta da ka yana ƙara borin fata ne, kuma wasu magungunan suna sakin fomaldihaid. Abin lura a nan: safar hannu tana kare fata, amma kusa da faifan da ke juyawa tana iya jan hannu ciki. A sa ta lokacin haɗa ruwa da wanke tanki, a cire ta lokacin zira waya.

Wurin wanke waya da asid ƙa'idarsa sananniya ce: asid ake zuba wa ruwa, ba a zuba wa asid ruwa. Famfon wanke ido ya kasance inda za a kai cikin daƙiƙa 10, yana iya zuba na minti 15.

Fentin wayar naɗin mota da taransifoma yana ɗauke da kiresol, finol, zailin da NMP (872-50-4). Finol da kiresol suna ratsa fata, kuma suna kashe jin zafi, har mutum ya ƙone bai sani ba. Turai ta sanya wa NMP iyakar miligiram 14.4 a mita kubik, ta kuma ba masu fentin waya wa'adi zuwa 9 ga Mayu 2024. Tawadar buga rubutu a jikin kebul yawanci tana ɗauke da sinadarin narkarwa MEK, mai kamawa da wuta tun daga digiri 9 ƙasa da sifili. A rufe mazubi, a haɗa gangar ƙarfe da wayar ƙasa lokacin juyewa. Ga NMP da MEK, siririyar safar naitiril ba ta daɗewa. Ta robar butil ce ke riƙewa.

Awo, takunkumi da ajiye bayanai

Hanci ba ma'auni ba ne. Ana ɗaura wa ma'aikaci ƙaramin famfo a ƙugu, matatarsa a wuyan riga cikin tazarar santimita 30 daga hanci, yana jan kusan lita 2 a minti tsawon aikin ranar, sannan a kai ɗakin gwaji. A zaɓi ranar da ake sauya launi, ake wanke inji, ake farke buhuna. Awon da aka yi ranar da komai ke tafiya lafiya yana ba da lamba mai kyau wadda ba ta kare kowa.

Takunkumi shi ne na ƙarshe a jeri, bayan sauya sinadari, rufe wurin da zuƙe iska. A tsarin Turai launin matata ke faɗin aikinta: fari P3 na ƙura, ruwan ƙasa A na tururin sinadaran narkarwa, rawaya E na iskar asid. Mitanol yana bukatar AX saboda yana tafasa ƙasa da digiri 65. Babu matatar da ke maganin ƙarancin oksijin. Takunkumin da ke manne da fuska sai an gwada zamansa a kan kowane mutum, kuma gemu yana hana shi zama. Mai gemu a ba shi hular da ke hura tatacciyar iska da batir, wadda ba ta bukatar mannewa.

Horo a yi shi a bakin inji, da harshen da ma'aikaci yake ji, buhun da kwalbar a hannu. A maimaita duk lokacin da sabon sinadari ya shigo, ko mai sayarwa ya sauya haɗinsa. Shi ya sa sashen sayayya ba zai karɓi sabon kaya ba sai mai kula da lafiya ya ga takardarsa.

Sakamakon awo da na gwajin lafiya a ajiye su da sunan mutum, aikinsa, kwanan wata da injin da yake kai. Amurka ta ce ga yawancin sinadarai shekara 30 ga sakamakon awo, tsawon aikin mutum da ƙarin 30 ga na lafiya, ga dalma kuma shekara 40 ko tsawon aikinsa da ƙarin 20, duk wanda ya fi tsawo. Birtaniya ta ce 40 ga bayanan lafiya. An tsawaita wa'adin ne saboda cututtukan ƙoda, huhu da kansa suna iya bayyana bayan mutum ya daɗe da barin aiki. Kowane ma'aikaci a ba shi kwafin sakamakonsa a hannu, likita ya yi masa bayanin abin da lambar take nufi.